Dodon Tekun Si Bu'azza

A ƙauyenmu na bayan Wad Zam babu wanda ya taɓa ganin teku sai direbobi da waɗanda ciwo ya kai asibitin Kazablanka, amma dukanmu da teku muke ci. Ya janye tun shekara miliyan sittin da wani abu, ya bar mana ƙasusuwan dabbobinsa a cikin tudun ƙasar fosfat, wadda ake yin taki da ita, mu kuma muke shiga ramuka muna tono su. Kullum a samu haƙora, in an yi sa'a a samu muƙamuƙi, ƙoƙon kai kuwa sai mutum ya shekara goma bai gani ba. Ubana sana'arsa ke nan, ni ma ita na gada, yayata Fadna kuma ita ke wanke haƙoran tana goge su a tsakar gida.

Mijinta, Si Bu'azza, shi kaɗai ne a layinmu bai taɓa riƙe diga ba. Ya yi aski har ranar da ya raba wani ango da rabin gira. Ya yi kiwon zuma, zumar ta tashi ta tare a hasumiyar masallaci, aka yi mako biyu ladan yana kiran salla daga ƙasa. Duk da haka in ka zauna da shi a shagon shayi za ka ji cewa babu abin da ya gagare shi a duniya, mutane ne dai ba su kai su gane ba. Bango ɗaya ya raba gidansa da nawa, don haka na fi kowa sanin hazaƙarsa. Ta bango nake jin ta.

Shekara uku ƙungiyarmu ta masu tono tana rubuta takarda kafin jami'a ta amsa. Aka ce wata malama, Ustaza Zuhur, za ta zo bayan mako shida ta duba aikinmu. In ta gamsu cewa mun san abin da muke yi, za ta rubuta wa hukuma a ba mu izinin tono da ɗakin ajiye kaya, mu huta da gudun 'yan sanda a kan tudu. Gida goma sha huɗu ne ke jiran wannan takardar. Tsoronmu ɗaya ne: yankinmu ya yi suna wajen masu haɗa muƙamuƙin ƙarya da filasta, farin garin da ake damawa ya daskare kamar siminti, suna sayar wa baƙi, kuma ba ma so a saka mu a cikinsu.

Ranar da aka karanta amsar a shagon shayi, Si Bu'azza ya ajiye kofinsa ya tambaye mu me za mu nuna mata. Muka faɗa masa. Ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Mace ta taso tun daga birni, ku tarbe ta da kwandon haƙora kamar masu cire haƙori a kasuwar Laraba? Ni zan kawo mata dabbar sukutum, daga hanci har wutsiya."

Wani ya tambaye shi ko ya taɓa ganin dabbar. Ya ce ya gan ta a talabijin, kuma da ba a ɗauke wuta ba da ya ga har ƙarshen shirin.

Washegari ya biyo mu tudu da farar jallabiya da sabuwar diga. A lokacin ina kwana na tara a kan wani muƙamuƙi, ina share masa ƙasa da buroshi da tsinke. Ya tsaya a kaina ya ce da irin wannan lallashin sai tekun ya dawo ban gama ba, buroshi na masu kwalliya ne. Na fita shan ruwa. Kafin in dawo ya taimake ni da sara ɗaya, muƙamuƙin ya zama guda goma sha ɗaya. Ya ce yanzu ya fi sauƙin ɗauka.

Daga nan ya kutsa cikin ramin da ya fi kowanne ƙunci, wai manyan kaya a can suke ɓuya. Kafaɗu suka wuce, tumbi ya ƙi. Sai ƙafafu muke gani suna harbin iska, muryarsa kuma tana fitowa daga cikin ƙasa tana ba mu umarnin yadda za mu ja. Mutum huɗu muka kama. Wando ya fara fitowa, mai wandon ya biyo baya. Ya zauna a rana yana kakkaɓe gemu, ya ce ya duba ciki sosai, tudun nan ya ƙare, wawaye ne kawai ke tono inda kowa ke tono.

Bayan kwana uku sai ya fara ɓacewa da tsakar rana, lokacin da kowa ke kishingiɗe, ya dawo da buhu a baro. Ya ƙi faɗa wa kowa wurin. Abin da kawai ya ce, mu muna shiga ƙasa gaba goma, shi kamu uku ya haƙa dabbar ta fito tana gaishe shi. Na roƙe shi in gani, ya ce idon mai hassada yana fasa ƙashi. Fadna ta leƙa buhun ta ce masa ƙasusuwan ba su da nauyi, kuma na teku nauyin dutse gare su. Ya ce ai shi ya sa wannan take iyo, na sauran mutane duk nutsewa suka yi.

Ya kwashe katifun ɗakin baƙi ya kulle ƙofa ya fara gini. Abin da ya tono ya ba shi gadon baya da haƙarƙari da ƙafafu, sai dai wuyan ya yi masa gajarta, kuma wanda ya gani a talabijin wuyansa ya kai tsawon mutum biyar. Ya tafi wurin Jilali mahauci ya kwaso ƙashin wuyan raƙumi biyu. Jilali ya tambaye shi ko romo za a yi, ya ce ilimi za a yi. Kan da ya tono kuwa bai yi masa ba, ya ce ya yi kama da na talaka, ya jefa shi bayan murhu, ya ɗauki babban akushin da Fadna ke zuba kuskus ranar Juma'a ya kife, ya gina masa baki da waya da filasta. Haƙora ya ɗebo daga kwandon Fadna, masu tsini da masu faɗi da masu kama da goriba, ya jera su duk inda ya ga fili.

Ranar Juma'a Fadna ta nemi akushinta ta rasa. Ta buga ƙofar ɗakin, ya amsa daga ciki cewa akushin ya samu ɗaukakar da bai taɓa mafarki ba.

"To yau a cikin ɗaukakar za ka ci," in ji ta.

A faranti uku aka raba kuskus a ranar, kamar gidan da aka yi faɗan gado. Shi bai fito ba ma, domin ya sa hannu cikin bakin dabbar yana gyara haƙoran ciki, ya tsaya yi wa kansa jawabi, filasta ta bushe. Tun azahar har la'asar dodon yana riƙe da shi. Ni aka kira da guduma. Ina sarawa yana gargaɗina in kula da dabbar, hannu ai yana da wani.

A mako na huɗu ina karyawa da burodi da man zaitun sai na ji bango yana motsi. Bulo ɗaya ya faɗo, na biyu ya biyo, sai ga fuskar mijin yayata cikin ƙura. Ya yi mini sallama, ya ce wutsiya ta rasa wurin zama.

"Si Bu'azza, bangona ne fa."

"Sharƙi ƙanena, dabbar nan ta yi mulkin wurin nan kafin a haifi kakan kakanka. Kai ne ka yi gini a cikin gidanta."

Wutsiyar ta shigo gidana gaba biyu, rodi ce aka jera wa guntayen ƙashi, ta kwanta a kan akurkin kajina. Kajin suka daina ƙwai. Ya ce girmamawa ce.

Sai batun launi. Ƙashinsa fari, namu ruwan ƙasa, don haka ya dafa shayi tukunya guda ya dama da lalle ya shafe dabbar, ya rufe taga don kada iska ta sha launin. Wuyan raƙumin kuwa bai tsaya dafa shi ba, ɓargo na ciki. Kwana biyar layinmu ya ɗauki wani wari da ya sa maƙwabta suka fara tambayar lafiyar tsofaffinsu. Ƙudaje suka yi sansani, karnukan ƙauye uku suka tare a ƙofar gidan suna zaune a layi kamar masu jiran likita. Liman ya aiko a tambaya. Si Bu'azza ya fito ya shaƙi iska ya lumshe ido, ya ce ƙamshin tsohon teku ke nan, wanda bai yi tafiya ba ba zai sani ba.

Mun je mu biyar mun roƙe shi ya bar ƙofar a rufe ranar da malama za ta zo. Ya yi alkawari, har da dafa ƙirji. Mun manta ba mu sa shi ya yi alkawarin barin bangon gaba ba.

Ran zuwan, muka share ɗakin ƙungiya, muka shimfiɗa kayanmu a kan tebur, kowane da takardar inda aka samo shi. Muna tsaye muna jiran mota sai muka ji ganga. Si Bu'azza ya tare hanya tun daga mararraba da makaɗa biyu da tiren madara da dabino, ya shaida wa direba cewa an sauya wurin taro. Kafin mu isa a guje, rabin ƙauye ya cika layinmu. Ya rushe bangon ɗakin baƙi ta wajen titi ya rataya zanin gado a wurin, ya sa rawani, yana riƙe da sanda.

Ustaza Zuhur 'yar gajeruwa ce mai furfura da takalmin tudu, ba ta da yawan magana. An ba ta kujera ta ƙi zama. A gefenta aka zaunar da Ba Ma'ati, dattijon ƙungiyarmu, wanda ya dawo jiya-jiya daga wurin 'yarsa a birni inda ya yi wata biyu ana masa aikin ido.

Aka ja zani. Mata suka ja mayafi suka toshe hanci. Dabbar ta miƙe tun daga titi har cikin gidana, wuyanta ɗaure da igiya a jikin azara, bakinta a wangame, a gefen kanta kuma ana hango zanen furannin akushi ta inda filasta ta ɓare.

Si Bu'azza ya yi bayani. Ya ce da safe takan ci kifi, da rana ta ci jirgin ruwa, in ta yi atishawa ana ambaliya a Andalus. Malamar ta bar shi ya gama. Sannan ta ciro ɗan gilashi daga aljihu ta matsa kusa da bakin, ta ce haƙoran dai na gaske ne, kuma wanda ya goge su ya iya aiki. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya ce bai ji ba.

Ta taɓa wani mai tsini ta ce na ƙadangaren teku ne, ɗan'uwan guza, wanda tsawonsa ya fi motar kaya, kuma yadda bakin haƙorin ya cinye ya nuna yana tauna ƙashin kunkuru da na 'yan'uwansa. Ta taɓa mai kama da goriba ta ce mai wannan ba ya farautar kowa, ƙasan ruwa yake bi yana fasa katantanwa. Siririn nan na mai dogon wuya ne, mai ƙaramin kai, wanda ke kama ƙananan kifaye yana haɗiyar tsakuwa. Mai faɗin nan kuma na kifi ne. Ta ce a bakin nan akwai dabba bakwai, kuma huɗu daga cikinsu sun ci sauran ukun.

"Shi ya sa na ce miki babba ce, Ustaza," in ji shi. "Duk ta haɗa."

Ta bi wuyan da yatsa, ta tsaya a gaɓa ta farko ta ce ga sawun wuƙa, an yanka wannan dabbar da hannun dama, kuma mai yankan ya san aikinsa. Jilali mahauci daga cikin taro ya ce Allah ya yi mata albarka, shekara ashirin yana yanka ba wanda ya taɓa yaba masa. Dariya ta fara daga bayan layi tana matsowa. Si Bu'azza ya ce wuyan aro ne kawai kafin a samo na asali, ta duba jikin, a jikin ilimi yake.

Ta durƙusa a gaban jikin ta daɗe. Da ta fara magana muryarta ta sauya, kamar mai karanta wasiƙar wani. Ta ce wannan dabbar ba ta taɓa jiƙa ƙafa a teku ba. Ta tsufa sosai kafin ta mutu. Gaɓoɓin bayanta sun manne da juna a tsakiya, alamar ta shekara da shekaru tana ɗaukar kaya masu nauyi, kuma kayan sun fi rinjaya ta hagu. Ta ɗaga ƙashin ƙafar gaba, wanda Si Bu'azza ya shimfiɗa a matsayin filafilin iyo, ta nuna wani kumburi. Ta ce nan ta taɓa karyewa gida biyu, irin karayar da ake yanka dabba a kanta, amma wani ya ɗaure ta da kyau, ya yi ta ciyar da ita a kwance wata da watanni har ƙashin ya haɗe, ta kuma rayu shekaru bayan haka tana ɗingishi.

Ba Ma'ati ya miƙe da sandarsa. Ya ce a miƙo masa ƙashin. Ya kai shi kusa da sabon idonsa, ya shafa kumburin da babban yatsa.

"Shekarar ambaliya ce," ya ce. "Ta zame a gangaren tudu da buhu biyu a bayanta. Da itacen zaitun na ɗaure ta." Ya juyo. "Bu'azza, a ina ka haƙa?"

Si Bu'azza ya ce sirrin sana'a ne.

"Bayan shingen ƙaya, gabas da rijiyata?"

Babu wanda bai san Mas'uda ba, alfadarar Ba Ma'ati. Shekara ashirin da biyu tana sauko masa da kaya daga tudu, da ta mutu ya ƙi a jefa wa karnuka, ya haƙa rami ya rufe ta, har aka yi ta masa tsiya. Fadna ta shiga gida ta fito da kan da aka jefa bayan murhu ta ajiye a gaban tsohon.

Da wani mutum ne, da sai ya sunkuyar da kai. Si Bu'azza ya haye kan dabbar. Ya ce hassada ce, an haɗa baki da 'yan birni, kuma yanzu zai nuna yadda take buɗe baki kowa ya ji kunya. Ya kama igiyar da ke rataye ya ja da ƙarfi. Ba ta baki ba ce, ta wuya ce. Wuyan ya sauko titi, karnukan da suka yi mako biyu suna haƙuri suka ga ranarsu ta zo. Suka kama suka ja, jiki ya biyo wuya, wutsiya ta fizgo daga gidana da akurki da kaji a jikinta. Haƙarƙari suka buɗe, mai dabbar ya nutse a ciki, azara ta sauke masa ragowar rufin. Akushin ya ɓalle ya gangara tsakiyar titi yana juyi, ya kife a gaban makaɗa, waɗanda ba a ce su daina ba, don haka ba su daina ba.

Fadna ta ɗauki akushinta ta duba ko ya tsage, sannan ta tambaya ko mijin yana numfashi. Daga ƙarƙashin ƙura muka ji yana cewa wa ya taɓa igiyarsa.

Ni dai na riga na yanke ƙauna da takardarmu. Na matsa wurin Ustaza ina neman kalmar ba da haƙuri, sai na ga ta tsuguna tana tsince haƙoran da suka warwatse, Fadna na taya ta. Malamar ta lura yayata ko dubawa ba ta yi, da yatsa take ji tana jefa kowane a tarinsa: mai cin nama nan, mai fasa katantanwa can. Ta tambaye ta wa ya koya mata. Fadna ta ce shekara talatin da kwando. Suka wuce ɗakin ƙungiya tare, mu muna biye kamar 'yan rakiya, aka yi awa uku a kan teburinmu. Muƙamuƙina mai guda goma sha ɗaya ma ta duba, ta nuna mini inda wani ɗan'uwan dabbar ya taɓa cizonta a fuska ta warke, ta tambayi abin da ya farfasa shi. Na ce wata dabba ce ta zamanin nan.

Ta ce za ta rubuta takardar, da sharaɗi biyu: Fadna ce za ta riƙe mabuɗin ɗakin ajiya, kuma kada a sayar wa kowa a layinmu da filasta.

Ba Ma'ati shi ma yana da nasa sharaɗin. Washegari da hantsi aka tara abin da ya saura na Mas'uda a kan tabarma, ya zauna ya duba su ɗaya-ɗaya, ya sa aka wanke lallen da ruwan ɗumi. Aka tasa Si Bu'azza gaba, da rawani ɗaure a kan raunin goshinsa, ya tura baro har bayan shingen ƙaya. Duk wanda ya halarci faɗuwar dodo ya halarci jana'izar alfadara, har da na maƙwabtan ƙauyuka da labari ya kai musu.

Ya fara haƙa yana haki. Bai kai gwiwa ba bakinsa ya dawo. Ya jingina da shebur ya ce mu duba da kyau, a duk ƙasar nan kowa cirewa yake yi daga ƙasa, shi ne mutum na farko da ya mayar. Ya ce nan da shekara miliyan sittin malamai za su zo su tono wannan wurin su yi ta rubuce-rubuce, kuma albarkacin wa? Da ramin ya kai ƙugu ya fito ya kakkaɓe hannu, ya ce ya isa haka, babu karen da zai kai nan.

Ba Ma'ati ya leƙa ramin, ya dubi mai haƙan tun daga rawani har ƙafa, ya tura masa shebur da bakin sanda.

"Koma ka ƙara kamu uku, ɗana. Ba karnuka nake tsoro ba."